Ƙasa Ce Ke Zaɓar Keke: Tseren Ratse da Kekuna Uku da Na Hau a Jos

Gabatarwa

Wanda ya saba bin hanyar Rayfield da sassafen Asabar a cikin watan Agusta, ba mamaki ya taɓa cin karo da wasu samari bakwai ko takwas sun saɓa kekuna a kafaɗa, suna hawan tudun jar ƙasa a guje, taɓo har gira. Masu wucewa sukan tsaya su yi kallo, wasu su yi dariya. Wata rana wata tsohuwa da ta ɗauko itace ta tare ni ta ce, "Ɗan nan, wai kai ne ke hawan keken ko shi ne ke hawanka?" A lokacin haki bai bar ni na ba ta amsa ba. Wannan maƙala ita ce amsar da nake riƙe mata da ita.

A cikinta zan yi bayanin wannan wasa da muke kwaikwayo, da inda ya samo asali, da dalilin da ya sa ƙasar Jos ta dace da shi. Daga nan zan kawo labarin kekuna uku da na hau daga shekarar 2013 zuwa yau, da darasin da kowannensu ya koya mini. Tunda kuma mujallar tamu ta ɗaliban harshe ce, zan ƙare da waiwayen sunayen da Bahaushe ya raɗa wa sassan keke. Abin da nake so mai karatu ya riƙe ɗaya ne: kafin mutum ya dubi keke, ya fara duban ƙasar da zai taka da shi.

Mene Ne Tseren Ratse?

Turawa suna kiran wannan wasa saikulo-kuros. Ni da abokaina muna ce masa "tseren ratse", domin a Hausa idan mutum ya bar hanya ya yanki daji an ce ya yi ratse, kuma abin da mahayin ke yi ke nan. Tsere ne na keke da ake yi a kan gajeren fage mai kewaye, wanda a bisa ƙa'idar Hukumar Tseren Keke ta Duniya, wato UCI, tsawonsa yakan kama daga kilomita 2.5 zuwa 3.5. Ana ta zagaya shi ne har lokaci ya cika, kuma ga manyan maza lokacin yakan kai kimanin awa ɗaya. A cikin zagaye guda mahayi zai bi ta ciyawa, da taɓo, da yashi, da gangare, da tudu mai tsayin da feda ba ta iya hawa, wani lokaci har da matakala. Akan kuma gitta katako a hanya, wanda tsayinsa ba ya wuce santimita 40.

Abin da ya bambanta shi da sauran tseren keke shi ne sauka da hawa. Idan mahayi ya iso inda keke ba ya tafiya, sai ya diro ba tare da ya tsaya ba, ya saɓa keken a kafaɗarsa ta dama, ya ruga da ƙafa, ya ajiye, ya daka tsalle ya koma kan sirdi. Gwani yakan yi wannan duka cikin ƙiftawar ido. Haka kuma akwai wani wuri a gefen fage da ake keɓe wa mataimaka. Idan taɓo ya cushe keke, mahayi yakan miƙa shi ya karɓi wani wankakke ya wuce, su kuma su wanke wancan kafin ya zagayo. Saboda haka ƙwararru ba sa zuwa gasa da keke ɗaya.

Taƙaitaccen Tarihinsa

Wasan ya tsiro ne a Faransa a farkon ƙarni na 20. Masu tseren kwalta ne suka fara shi a lokacin hunturu, sa'ad da babu gasa, don kada jiki ya yi sanyi: sai su yi rige-rigen zuwa ƙauye na gaba ta cikin gonaki, suna tsallake shinge da rafi. Wani sojan Faransa mai suna Daniel Gousseau shi ake danganta wa shirya gasar ƙasa ta farko a shekarar 1902. Beljiyam ta bi sahu a 1910. A wannan shekarar ce kuma Octave Lapize ya lashe babbar gasar Tour de France, ya danganta ƙarfinsa da atisayen ratse da ya yi da hunturu, abin da ya ƙara wa wasan farin jini.

Gasar duniya ta farko an yi ta ne a birnin Faris a 1950, Jean Robic na Faransa ya cinye. Daga baya wasan ya yi kaka-gida a Beljiyam da Holan, inda dubban mutane ke biyan kuɗi su tsaya cikin sanyi suna kallo daga watan Satumba zuwa Fabrairu. Erik De Vlaeminck na Beljiyam ya zama zakaran duniya sau bakwai tsakanin 1966 da 1973, kuma an daɗe ba a kamo shi ba, sai a 2025 da Mathieu van der Poel na Holan ya ci kambunsa na bakwai. Mata sun samu gasarsu ta duniya a shekarar 2000, kuma Marianne Vos ta Holan ta ci sau takwas tsakanin 2006 da 2022. Ba a fitar da gasar duniya daga nahiyar Turai ba sai a 2013, da aka yi ta a Louisville ta ƙasar Amurka.

Ƙasar Jos a Matsayin Fage

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan ɗan Jos da wasan hunturun Turai? Amsar tana ƙarƙashin ƙafarmu. Garin Jos yana bisa tsauni ne mai tsayin kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, duwatsun Shere da ke gabas da gari kuwa sun haura mita 1,800. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka shiga haƙar kuza a wannan yanki, suka yi shekaru da dama suna tona ƙasa suna tara ta gefe. Harkar ta ja baya, musamman bayan faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985, amma tabonta yana nan: kududdufai masu zurfi, da tuddan ƙasar da aka tono, da farin yashi da tsakuwar da aka wanke aka zubar. Daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi haka ƙasar take.

Wato abin da masu shirya gasa a Turai ke kashe kuɗi su haɗa, mu mun tarar da shi a shimfiɗe. A cikin tafiyar kilomita biyu za ka taka ƙasa iri huɗu. Akwai jar ƙasa, wadda da rani take da tauri kamar daɓe, da damina kuma ta zama danƙo mai kama taya. Akwai yashin wankin kuza mai nutsar da ƙafar gaba. Akwai fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse mai santsi idan ya jiƙe. Akwai kuma 'yan siraran hanyoyin gona da ke ratsa shingen ƙyarana, wadda ƙayarta ke huda taya, ruwanta kuma idan ya shiga ido sai an ji jiki. Ruwan sama yakan fara daga Afrilu zuwa Oktoba, ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta, wani lokaci har da ƙanƙara. Shi ya sa lokacin tserenmu ya saɓa da na Turawa. Su hunturu ne ke kawo musu taɓo, mu kuwa damina ce.

Ya kamata in faɗi gaskiya a nan: mu 'yan sha'awa ne kawai. Ba mu da rajista, ba mu da kofi, ba mu da mai ɗaukar nauyi. Fagenmu bai kai kilomita biyu ba, da duwatsu da tsummoki muke yi masa alama. Mukan yi minti 40, ƙanen ɗayanmu yana ƙirga zagaye da tsakuwa, wanda ya zo na ƙarshe kuma shi ke sayen shayi da ƙosai.

Keke na Farko: Raleigh ɗin Babana

A shekarar 2013, ina ɗan shekara 11, na koyi keke a kan baƙin Raleigh na mahaifina. Wannan suna ba baƙo ba ne a Arewa. Kamfanin na birnin Nottingham ne a Ingila, ya kuma taɓa samun masana'antar harhaɗa kekuna a Kano. Shi da takwarorinsa, Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya, su ne kekunan malaman makaranta da masinjoji da 'yan kasuwar ƙauye. Ƙafarsa inci 28 ce, birkinsa na sandar ƙarfe, giyarsa ɗaya tak, ga kariya mai ɗaukar buhun dankali ba ta lanƙwashe ba. Da yake ƙafata ba ta kai feda daga kan sirdi, ta ƙarƙashin sandar tsakiya nake zura ta, kamar yadda kowane yaro ya fara.

Aikina da shi shi ne kai wa mahaifiyata taki gona da dawo da kayan lambu. Hanyar gonar ta ratsa wani rafi da wani tudun kuza, don haka kullum sai na sauka na tura, ko na ɗaga. Ban san cewa a wata duniya wannan wasa ne da ake ba da lambar zinariya a kansa ba. Abin da keken ya koya mini shi ne karatun ƙasa. Mai giya ɗaya ba shi da abin da zai cece shi a tsakiyar tudu, dole tun daga nesa ya san inda zai ƙara wuta da inda zai haƙura ya sauka. Aibinsa biyu ne. Na farko nauyi: da na ɗora shi a sikelin 'yan gwangwan daga baya, kilo 21 ya yi. Na biyu, murfin da ke bisa tayarsa yana tara taɓo har ƙafa ta ƙi juyawa, birkinsa kuma idan ya jiƙe sai ka matse ka yi ta addu'a.

A dalilin wannan keke ne na san wani dattijo Bahaushe mai gyaran keke a cikin gari, wanda kowa ke kira Baba. Tun bayan rikice-rikicen da Jos ta sha a 2001 da 2008 da 2010 unguwanni suka rarrabu, mutanen gidanmu ba su cika shiga unguwarsa ba. Amma mahaifina ya ce tun yana saurayi hannun Baba kaɗai ke taɓa masa keke, ba zai canja ba. A gindin rumfarsa na koyi faci, a nan kuma Hausata ta nuna, domin a gida ba ita muke yi ba.

Keke na Biyu: Abin da Ido Ya Zaɓa

A farkon 2019 wani abokina ya nuna mini bidiyon gasar duniya ta ratse a wayarsa. Na ga manyan mutane suna gudu da keke a kafaɗa cikin taɓo, jama'a na ihu. Na ce ashe abin da nake yi a hanyar gona yana da suna. Daga ranar na ƙudura sai na mallaki keken kaina. Na haɗa kuɗin dankalin damina biyu na nufi kasuwa, idona ya faɗa kan wani sabon keken hawan dutse, ja wur, mai giya 21, da sifirin gaba da baya, tayoyinsa masu kauri kamar na babur. Kuɗinsa kuma bai kai yadda na zata ba.

Na tura shi wurin Baba ina taƙama. Ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya ajiye, ya ƙwanƙwasa ƙarfen gaba da sifana, ya saurari ƙarar. Sannan ya ce, "Yaro, wannan na zuwa masallaci ne ko coci ranar ado. Kada ka kai shi dutse." Na ce, "Haba Baba, ai don dutse aka yi shi." Ya ce, "Don ido aka yi shi. Araha ba ta ado."

Ainihin keken hawan dutse, wanda aka ƙirƙiro a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, keke ne mai inganci. Amma akwai masu kama da shi da ake yi da ƙarfe maras kyau don a sayar da arha, nawa kuwa irinsu ne. Kilo 17 ya yi a sikeli. Sifirin ɗin baya yana shanye ƙarfin da na taka, ga shi ya cike tsakiyar keken, babu inda zan zura hannu in saɓa shi. Giya 21 ɗin kuwa, da taɓo ya shiga kaca, uku kawai ke amsawa.

Wata huɗu na yi da shi. Wata Asabar a watan Afrilu, ina gangarowa daga wani tudu kusa da kududdufi, ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaba ya karye daga wuya. Ban san lokacin da na bar sirdi ba. Na faɗi a kan hannun dama, taku kaɗan daga bakin ruwan da ba a san zurfinsa ba, ni kuwa ban iya iyo ba. Wuyan hannuna ya karye, saura 'yan makonni in fara jarrabawar kammala sakandare. Da hannu a ɗaure na rubuta takardun farko, ina gumi, rubutun kamar tafiyar kaza. Mahaifina bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi duka ciwo. Cewa kawai ya yi, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Keken kuma a kilo na sayar wa 'yan gwangwan.

Keke na Uku: Abin da Ƙasa Ta Zaɓa

Shekara biyu na yi ina aron Raleigh. A 2021 Baba ya aiko a kira ni. Ya jawo wani tsohon gangar jikin keke daga bayan rumfa, fenti duk ya goge, ba taya, ba sirdi. Irin kayan nan ne na hannu da ake shigowa da su daga Turai, waɗanda a kasuwannin Nijeriya ake ce wa "Beljiyam" ko daga wace ƙasa suka fito. Abin ya ba ni dariya, domin ga shi sunan ƙasar da ta fi kowa son tseren ratse ya biyo tsohon ƙarfe har Jos. Na ce, "Baba, wannan ai gawa ce." Ya ce, "Sa yatsanka nan." Na sa yatsa tsakanin inda taya za ta zauna da ƙarfe, ya shige har da saura. Ya ce, "To, nan taɓonku zai bi ya wuce."

Wata biyar muka yi muna harhaɗa shi, ina sayen kaya ɗaya bayan ɗaya gwargwadon aljihu. Da ya kammala ya yi kilo 11. Kansa mai lanƙwasa ne kamar ƙahon rago, tayarsa siririya mai ƙananan haƙora, birkinsa na waya mai buɗaɗɗen baki, tsakiyarsa fayau yadda kafaɗa za ta shiga. Giya takwas ce a baya, faranti ɗaya a gaba. Ba shi da kyan gani ko kaɗan, yara ma "tsohon soja" suke ce masa. Amma a kansa na fara cin tserenmu, wata Asabar a Agustan 2023 da aka kwana ana ruwa. A zagaye na uku masu manyan tayoyi duk sun tsaya suna ƙwaƙule taɓo da tsinke, ni kuwa na saɓa nawa na wuce. Ban fi su ƙarfi ba, biyu daga cikinsu ma sun fi ni nesa ba kusa ba. Har yau shi nake hawa, kuma shi ke kai ni makaranta.

Abubuwan Dubawa Wajen Zaɓen Keke

Daga wannan tafiya na tsamo abubuwa biyar da mai son shiga wasan ya kamata ya duba.

Na farko, tazara tsakanin taya da ƙarfe. Keken tseren kwalta yana da sauri, amma an matse shi ƙwarai, taɓo kaɗan ke tsayar da shi. Idan yatsa bai shiga ba, a bar shi.

Na biyu, taya. A gasar da UCI ke kula da ita faɗin taya ba ya wuce milimita 33. Mu da ba doka a kanmu mukan sa 35 ko fiye, saboda duwatsu. Iska ma ilimi ce. Idan ta yi yawa taya ba ta kama ƙasa, sai santsi. Idan ta yi kaɗan kuma, dutse yakan matse tub ya huda shi wuri biyu. A taɓo nakan rage, a kan fa da tsakuwa in ƙara.

Na uku, nauyi da wurin saɓawa. Kekunan ƙwararru, waɗanda ake yi da zaren kabon, ba su cika wuce kilo 8 ba. Bambancin kilo shida da ke tsakanin kekena na biyu da na uku ba a jin sa a zagayen farko, amma a na takwas kafaɗa za ta ba da labari.

Na huɗu, birki. Tun 2010 hukumar ta halatta birkin faifai a tseren ratse, kuma shi ƙwararru suka koma wa, domin yana kamawa ko a cikin ruwa. Sai dai mai irinsa a nan ya tanadi kuɗi da haƙurin neman kayan gyara. Birkin waya kuwa kowace rumfa akwai robarsa.

Na biyar, wanda ya fi duka, shi ne gyaruwa. Baƙin ƙarfe idan ya tsage mai walda na bakin titi zai ɗinke shi. Alminiyam sai mai na'ura ta musamman, kabon kuwa idan ya fashe a nan sai dai a rataye shi a bango. Keken da ba a iya gyara shi a garin da ake hawansa, ko nawa aka saye shi, na aro ne.

Kada a ɗauka ƙananan mahaya kaɗai wannan magana ta shafa. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, Ese Ukpeseraye, wadda ita ce ta fara wakiltar Nijeriya a tseren keke a wannan gasa, ta shiga tseren kwalta da kekenta, amma da aka zo tseren cikin zaure sai tawagar Jamus ce ta ara mata keken da ya dace da wannan fage. Ko a ƙololuwar wasa, kowace ƙasa da kekenta.

Sai kuma kariyar kai. Tun daga faɗuwata ba na hawa sai da hular kwano, ba ma barin kowa ya yi tsere da mu ba tare da ita ba. Mun kuma janye fagenmu nesa da bakin kududdufai, domin waɗannan ramuka sun ci rayuka da yawa a wannan yanki. Ba ma ratsa gonar da aka shuka, kuma mukan gaida masu wurin kafin mu kafa alama.

Keke a Bakin Bahaushe

A rumfar Baba na lura cewa sassan keke kaɗai sun isa ɗalibi ya yi nazarin yadda Hausa ke karɓar baƙon abu. Ita kanta kalmar "keke" daga Yarabanci aka aro ta, ta kuma ture "basukur" da aka aro daga Ingilishi, wadda yanzu sai a bakin tsofaffi. Bayan ta zauna sai ta yi 'ya'ya: keken ɗinki, keken rubutu, keken guragu, har zuwa Keke Napep na zamaninmu.

Sunayen sassan sun kasu gida biyu. Kashi na farko aro ne daga Ingilishi, tare da gyaran furuci. Sautin /p/ yakan koma /f/, kamar a feda da famfo da faci. Sautin /v/ yakan koma /b/, kamar a bawul. Inda baƙaƙe biyu suka haɗu a farkon kalma akan saƙa wasali a tsakani, a kuma ƙara wani a ƙarshe, kamar a birki. A wannan kashi ne ake samun taya da giya da kariya da sholisho.

Kashi na biyu shi ne faɗaɗa ma'anar kalmomin da harshen ke da su tun da. A nan Bahaushe ya dubi keke da idon mai doki. Wurin zama sirdi ne, kalmar da ta shigo daga Larabci tun zamanin mahaya dawaki. Keke yana da kai, yana da ƙafa ta gaba da ta baya. Hawansa ake yi, yakan kuma kayar da mutum. Wanda aka ɗauka a baya an goya shi, kamar jariri. Kaca tana da haƙoran da take bi. Ba banza ba ake yi masa kirari da dokin ƙarfe. Da muka ce "tseren ratse", wannan hanya ta biyu muka bi. Ina kuma gayyatar 'yan'uwana ɗalibai su auna kalmar, idan akwai wadda ta fi ta dacewa su kawo, domin wasan da ba shi da suna a harshen mutane da wuya ya zauna a cikinsu.

Kammalawa

A wannan maƙala an ga ma'anar tseren ratse da tarihinsa daga Faransa zuwa Beljiyam da Holan, an kuma ga yadda haƙar kuza da ruwan damina suka mai da ƙasar Jos fagen da ya dace da shi. Keken farko gado ne, ya koya mini karatun ƙasa. Na biyu ido ne ya zaɓa, na biya da kuɗin damina biyu da wuyan hannu. Na uku an zaɓe shi ne da yatsa a cikin tazarar taɓo, shi ne kuma ya zauna.

Shawarata ga ɗalibin da ke sha'awa ita ce kada ya jira sai ya samu keken Turai. Ya fara da wanda ke gida, ya nemi hular kwano, ya sami tsohon mai gyara ya saurare shi. Ga masu ruwa da tsaki a harkar wasanni kuma, ga fage Allah ya ba mu kyauta, ga samari masu ƙarfi. Abin da ya rage shi ne a keɓe wuri mai aminci a kuma shirya gasa.

Ita kuwa tsohuwar nan mai itace, idan Allah ya sake haɗa mu zan ce mata, "Mama, karo-karo muke yi. Inda ƙasa ta yarda shi ke ɗauka ta, inda ta ƙi ni ke ɗaukar sa."